Kifi a Kan Sikeli: Yadda Mai Bi Zai Ba da Shaidarsa

Karatu: Markus 5:18-20, Yahaya sura 9, Ayyukan Manzanni sura 22 da 26

    

Yau za mu yi magana a kan wani abu da muke yi kusan kowace Lahadi, amma ba mu cika zama mu koyi yadda ake yinsa ba, wato ba da shaida. Kun san lokacin. Zumuntar Mata sun gama waƙa, mai jagorar sujada ya ce duk mai shaida ya fito. Sai ɗan'uwa ya tashi. Ya gai da fasto, ya gai da dattawa, ya gai da iyaye mata, da matasa, da baƙi, har minti biyar ya wuce. Sa'an nan ya ce Allah ya yi masa abubuwa masu yawa waɗanda baki ba ya iya faɗa, ya fisshe shi daga wahala iri iri. Ya koma ya zauna. Dukanmu muka ce amin. Amma in ka tsai da mutum a bakin ƙofa bayan an tashi, ka tambaye shi abin da Allah ya yi wa wane, ba zai iya gaya maka ba, domin ba a gaya masa ba. Wata 'yar'uwa kuma takan ɗauko daga ranar da aka haife ta, ta bi ta makaranta da aure da haihuwa, kafin ta iso wurin da Allah ya taimake ta yara sun fara kuka, dattawa suna duban agogo.

Ba muna yi wa kowa dariya ba ne. Mu ma mun yi haka. Amma abin yana da nauyi. A cikin Markus sura 5, mutumin nan da aka fitar wa aljanu ya roƙi Yesu ya bar shi ya shiga jirgi tare da shi. Yesu bai yarda ba. Ya mai da shi gida wurin danginsa, ya je ya ba su labarin abin da Ubangiji ya yi masa. Ba a ba shi mumbari ba, bai shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Labarin kansa kaɗai aka ba shi ya riƙe, da shi kuwa ya zaga ƙasar Dikafolis har mutane suka yi mamaki. A wannan jiha tamu, maƙwabcinka da ba zai taɓa shiga majami'a ya ji wa'azinmu ba, zai zauna da kai a kan tabarma ya ji labarinka. In ka iya ba da shi, ya ji. In ba ka iya ba, dama ta wuce.

To, bari mu tafi Argungu tukuna.

Kowa a nan ya san bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a shekara ta 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A shekara ta 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ya ga yadda abin yake. Dubban masunta a jere, kowa da homarsa da gorarsa, da an ba da alama sai su ruga su faɗa ruwa gaba ɗaya. Amma ba gudun ne muke so ku lura da shi ba. Ku lura da abin da yake faruwa bayan an fito. Ba a tambayar masunci girman kifinsa. Ba a ce ya buɗe hannuwa ya nuna tsawonsa. Sikeli ake kawowa, a ɗora kifin a gaban sarki da jama'a. A shekara ta 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ne. A shekara ta 2020, da aka dawo da bikin bayan ya yi shekaru ba a yi ba, na ɗaya kilo 78 ne. Sikeli ne ya faɗa, ba mai kifi ba.

A shekara ta 2008 kuwa wani abu ya faru. An ba wani mutum kyautar na ɗaya da kifi mai wajen kilo 66. Daga baya aka bincika, aka ce ba a ranar aka kama kifin cikin ruwan gasar ba, matacce ne aka shigo da shi. Aka karɓe kyautar. Kifin babba ne, ba wanda ya musa. Laifinsa ɗaya, ba na ruwan nan ba ne, ba kuma na ranar nan ba.

'Yan'uwa, akwai shaidu irin wannan kifi a cikin ikkilisiyoyinmu. Mutum ya ji wani mai wa'azi a rediyo ko a waya yana ba da labari mai ban tsoro, sai ya ga nasa labarin ya yi ƙanƙanta, ya ɗebo kaɗan daga na wancan ya zuba cikin nasa. Mun san wani saurayi, ba za mu faɗi sunansa ko garinsu ba, wanda mota ta faɗi da su a kan hanya, ya fita da kurjewa a hannu. Shaida ce mai kyau. Farkon da ya ba da ita haka ya faɗa. Da aka gayyace shi taron matasa, sai motar ta juya sau uku. A babban taro kuma ta juya sau bakwai, likita ma ya ce ya mutu. Ran nan akwai wani ɗan garinsu a wurin, wanda ba mai bi ba ne, ya rako abokinsa ne kawai, shi ne kuwa ya ɗauke shi a babur ya kai shi asibiti ranar hatsarin. Mutumin bai ce kome ba. Ya tashi ya fita. Har yau in abokin nan ya yi masa maganar bishara, sai ya tambaye shi, sau nawa motar ta juya? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin baƙin ciki shi ne, ba sunan saurayin kaɗai ya faɗa ramin ba.

Saboda haka kafin mu yi maganar daɗin labari, mu fara da wannan. Abin da ya sa mutane suke ƙara gishiri shi ne suna tsammani girman abu ne yake kama zuciyar mai ji. Ba haka ba ne. Abin da yake kama mai ji shi ne ya gani da idonsa abin da ka gani. Ƙaramin kifi da aka ɗora a kan sikeli ya fi giwan ruwa da aka kwatanta da baki.

Ku dubi makahon nan na Yahaya sura 9. Sau da sau aka tambaye shi, maƙwabta suka tambaya, Farisiyawa suka tambaya, suka kira iyayensa, suka sake kiransa. Labarinsa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Laka ce aka shafa masa a ido, aka aike shi tafkin Siluwam, ya wanke, ya gani. Da suka so su ja shi cikin muhawara a kan ko Yesu mai zunubi ne, sai ya tsaya a kan abu ɗaya da ya tabbata ya sani, wato dā makaho ne shi, yanzu kuwa yana gani. Laka, tafki mai suna, wanka. Yaro ƙarami zai iya riƙe wannan ya kai gida. Ku lura kuma bai yi kamar ya san Yesu tun farko ba. Da fari mutum kawai ya kira shi, daga baya ya ce annabi ne, sai a ƙarshen surar ya yi masa sujada. Yahaya ya bar mu mu bi shi sawu sawu, mu gane tare da shi. Da yawanmu mukan ɓata labarinmu a nan. Mukan ba da shi kamar tun ranar farko mun san yadda zai ƙare. In ka ji tsoro a daren nan, ka ce ka ji tsoro. In ka yi shakka, ka faɗa. Wanda yake zaune a bayan majami'a yana cikin nasa tsoron, a nan ne zai gane kai ɗan'uwansa ne.

Haka marubutan Bishara suke. A Yahaya sura 21 an gaya mana yawan kifin da almajirai suka jawo gaɓa, 153, tarun kuwa bai yage ba, ga wutar gawayi a bakin teku da kifi a kai. Wani ya tsaya ya ƙirga. Masunta ne, sun san ba a cewa kifi da yawa a yi shiru.

A daminar shekara ta 2020, da ruwa ya cinye gonakin shinkafa a fadamun jihar nan, mun ji shaidu da dama. Mun manta yawancinsu. Amma akwai ta wata tsohuwa, gwauruwa, da ba mu manta ba. Ba ta gai da kowa ba sai da kalma ɗaya. Ta ce ranar Talata da asuba ta je gona, ta tarar ruwa ya kai mata ƙugu a wurin da jiya take tsaye a kan busasshiyar ƙasa, kan shinkafa ma ba a gani. Ta ce saura mako uku ta yanka. Taki bashi ne, iri bashi ne. Ta koma gida, ta buɗe tukunya, mudu biyu na gero ya rage, jikoki huɗu suna dubanta. Ta ce ba ta yi addu'a ba ranar, ba ta iya ba, zama kawai ta yi a bakin ƙofa. Da yamma sai maƙwabciyarta, Musulma, wadda suka yi wata biyu ba sa magana saboda akuya ta shiga lambu, ta aiko yaro da ƙwarya cike da dawa. Tsohuwar ta ce ita dai ta san wanda ya aiko ƙwaryar nan ta hannun maƙwabciya. Ta koma ta zauna. Ba ta kai minti huɗu ba. Ba wanda ya motsa a majami'a.

Me ta yi? Rana ɗaya ta ɗauka, ba rayuwarta duka ba. Ta fara daga inda ruwa ya kai ƙugu, ba daga ranar da aka yi mata aure ba. Ba ta ce ta sha wahala ba, mudu biyu da jikoki huɗu ta nuna mana, mu da kanmu muka auna wahalar. Ba ta ɓoye faɗan akuya ba, da ta ɓoye shi da ƙwaryar dawar ba ta yi nauyin da ta yi ba. Da ta gama kuma ba ta juya ta yi mana wa'azi ba. Wannan na ƙarshe yana yi wa mutanenmu wuya, mu fastoci ma ya fi yi mana wuya, gama mun saba in mun ba da labari sai mun fassara shi sau uku. Ba ta yi karatun boko ba, amma abin da muka yi shekaru muna koyo a makarantar tauhidi a kan shirya magana, ita ta yi shi a tsaye da zanenta.

Sai kuma sanin wanda kake yi wa magana. Labarin tubar Bulus a hanyar Dimashƙu sau uku ya zo cikin Ayyukan Manzanni. A sura 9 Luka ne ya ba da shi, a sura 22 da 26 kuwa Bulus ne da bakinsa. Ku karanta biyun nan a gida ku gwada su. A sura 22 yana tsaye a kan matakala a Urushalima, a gaban taron Yahudawa masu neman ransa. Ya yi musu magana da harshensu, da suka ji haka suka ƙara yin shiru. Ya ambaci Tarsus inda aka haife shi, ya ambaci malaminsa Gamaliyal wanda duk suka sani, ya kuma nuna Hananiya mutum ne mai kiyaye Shari'a da Yahudawan Dimashƙu suke yabo. A sura 26 kuwa, a gaban Sarki Agaribas da gwamna Festas, bai ambaci Hananiya ba sam, bai ma yi maganar makantarsa ba. Ya tafi kai tsaye ga aikin da aka ba shi. Hanya ɗaya ce, tsakar rana ɗaya, haske ɗaya, murya ɗaya. Bai sake gaskiya ba, ya zaɓi abin da mai ji zai iya ɗauka ne. Akwai bambanci tsakanin ragewa domin mai ji da ƙarawa domin tafi.

Haka mu ma. Kalmomin da muke amfani da su a majami'a, irin su baratarwa da tsarkakewa da sabuwar haihuwa, masu daraja ne, amma in kana zaune da abokin sana'arka a kasuwar Birnin Kebbi ba zai gane su ba. Ka gaya masa dā in ka sha giya kakan doki matarka, yanzu shekara shida ba ka ɗaga mata hannu ba, ya tambaye ta in yana so. Wannan zai gane.

Kada kuma mu ruɗe ku. Shaida mai kyau ba lalle ta kawo tafi ba. Taron Urushalima sun saurari Bulus har ya ambaci aikensa ga al'ummai, daga nan suka ɗaga murya a kashe shi. Festas ya katse shi ya ce yawan karatu ya haukata shi. Makahon nan korarsa aka yi. Saboda haka hikima ta zama dole, musamman a wurin da muke zaune. Labarinka naka ne, amma akwai wasu mutane a cikinsa waɗanda ba su ba ka izini ba. Matar da ta tashi tana shaidar yadda Allah ya daidaita aurenta, ta tona asirin mijinta a gaban 'ya'yansa da surukansa, ta ɓata abin da take godiya a kansa. Wanda ya fito daga wani addini ko wata al'ada, ya tsaya yana zagin iyayen da suka haife shi da abin da suke girmamawa, bai ba da shaidar Almasihu ba, fushinsa ya nuna. Magana zarar bunu ce. Yanzu kuma da kowa yake da waya a hannu, abin da ka faɗa da safe a majami'a kafin azahar ya isa gidanku. Ka faɗi naka laifin filla filla in ya zama dole, na wani kuwa ka rufe. In labarin zai jawo wa wani hatsari, ka kawo shi wurin fasto ko dattawa tukuna.

Ko naka laifin ma akwai yadda ake faɗarsa. Mun ji masu shaida da sukan yi minti ashirin a kan tsohuwar rayuwa, suna murmushi, suna lissafta barnar da suka yi kamar mafarauci yana kirari, sa'an nan su ba Yesu minti ɗaya a ƙarshe. Matasa su fita suna sha'awar barnar. Agustin, wanda ya yi bishop a Hippo, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya rubuta labarin rayuwarsa wajen shekara ta 400, har yanzu ana karanta shi ko'ina a duniya. Yana da manyan laifofi da zai iya baje kolinsu. Amma ɗaya daga cikin wuraren da ya fi daɗewa a kai shi ne wata 'yar sata da ya yi yana ɗan shekara 16. Shi da abokansa suka kakkaɓe 'ya'yan itacen wani da dare, ba don yunwa ba, suka zubar wa aladu. Ya yi ta tambayar kansa me ya sa ya ji daɗin abin. Ƙaramin abu ne, amma ya tona shi har ya kai ga saiwar zuciyar mutum. Dukan littafin kuma da Allah yake magana, ba da masu tafi ba. Ga gwaji mai sauƙi. In ka gama shaidarka, wa mutane suke tunani, kai ko Ubangiji?

Abu na ƙarshe da muke roƙo, a rubuta. A shekara ta 1853 Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya ratsa ta Gwandu da Birnin Kebbi a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, sunansa Dorugu, wanda aka kama bawa tun yana ƙarami, daga baya aka 'yanta shi. Ya bi Barth har Ingila a shekara ta 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan, Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta, aka kuma buga shi cikin littafin Magana Hausa a shekara ta 1885. Yaro ne, ba sarki ba, ba malami ba. Abin da ya gani ya faɗa, yadda aka kama shi, yadda aka sayar da shi, ƙetare hamada, har yadda Turawa suke zama cin abinci. Manya da yawa sun bi hanyar nan a zamaninsa, ba mu san kome a kansu ba. Shi kuwa ana karanta maganarsa har yau.

A cikin ikkilisiyoyinmu akwai tsofaffi da suka san yadda bishara ta shiga garuruwansu, wa ya fara ba da gaskiya, a ƙarƙashin wace bishiya aka fara sujada, me aka sha kafin a sami filin gini. Kowace shekara muna binne wasunsu tare da labarinsu. Matasa, ku ɗauki littafi da biro, ko wayar nan da take hannunku, ku je wurin Baba da Mama. Kada ku ce su ba ku tarihin rayuwarsu, za su ce ba su da abin faɗa. Ku tambaye su rana ɗaya. Baba, ranar da aka yi maka baftisma, a wane ruwa ne, wa ya riƙe maka riga? Mama, ranar da kika koma gida, me surukarki ta ce? Ku rubuta yadda suka faɗa, da irin Hausarsu, ko da Dakarci ne ko Zabarmanci, kada ku gyara musu baki.

Ku kuma masu niyyar fitowa ran Lahadi mai zuwa, ku zaɓi rana ɗaya tun yau. Ku faɗa wa wani na gida wanda yake wurin sa'ad da abin ya faru, ku ce ya tsai da ku duk inda kifin ya fara ƙara nauyi. In ya wuce minti biyar, ku rage gaisuwa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka buɗe bakin masu jin kunya, ka tsare harshen masu ƙari. Ka tuna da waɗanda ruwa ya ci gonakinsu, da waɗanda ba su da inda za su faɗi abin da ka yi musu sai a ɓoye. Cikin sunan Yesu, amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Yahaya sura 4, labarin matar nan ta bakin rijiya. Ku karanta kafin lokacin. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.